Filin Tambaya da Amsa: Na Canza Tsarin Tsaron Wi-Fi, Na'urorin Gida Sun Ƙi Kamawa

Wasiƙun da suka taru a wannan fili kwanan nan kusan duk sun karkata wuri ɗaya: mutum ya shiga shafin saitin rautar gidansa, ya canza tsarin ɓoye bayanai na Wi-Fi da niyyar ƙara kariya, sai kuma waya ko kwamfuta ko firinta ta ƙi kamawa. Niyyar tana da kyau, kuma ba mu ga dalilin da zai sa kowa ya janye daga gare ta ba. Mun zaɓi wasiƙu shida waɗanda matsalolinsu suka sha bamban, mun taƙaita su, domin amsar da aka ba mutum ɗaya ta amfani wanda ke fama da irinta ko da bai rubuto ba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na ji an ce WPA3 ya fi WPA2 tsaro, don haka na shiga saitin rautata na mayar da ita WPA3. Ban taɓa sunan Wi-Fi ɗin ba, ban kuma canza kalmar sirri ba. Wayata ta kama nan take, amma kwamfutar tafi-da-gidanka mai Windows 10 da na daɗe ina aiki da ita tana ganin sunan, idan na danna sai ta ɗan yi juyi ta ce ba za ta iya haɗuwa ba. Ta yaya kalmar sirri ɗaya za ta yi aiki a waya ta ƙi yi a kwamfuta? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Kalmar sirrinka lafiya ƙalau take, wayarka ma ta riga ta shaida haka. Abin da ke faruwa shi ne, ranar da kwamfuta ta fara shiga wani Wi-Fi, ba kalmar sirri kaɗai take ajiyewa ba. Tana ajiye sunan, da nau'in tsaron da ta tarar, da hanyar ɓoye bayanan da aka yi amfani da ita, duk a wuri guda, kuma duk lokacin da ta sake ganin wannan suna, ajiyar nan take ɗaukowa ta gabatar. Kai ka canza kwaɗo ka bar ƙofar yadda take, ita kuwa kwamfutar tana zuwa da tsohon makulli tana ta murɗawa, domin a ganinta ƙofar da ta sani ce.

Saboda haka matakin farko shi ne ka sa ta manta da tsohuwar ajiyar. Shiga saitin Windows, ɓangaren hanyoyin sadarwa da intanet, sai Wi-Fi, sai jerin hanyoyin da kwamfutar ta sani, ka danna sunan naka, ka zaɓi maɓallin da aka rubuta wa Forget. Daga nan ka kashe Wi-Fi ɗin kwamfutar ka sake kunnawa, ka zaɓi sunan kamar yau ka fara ganinsa, ka rubuta kalmar sirri da hannunka. Wannan mataki ɗaya ne a Android da iPhone da Mac, wurin maɓallin ne kawai ya bambanta, kuma sau da yawa a nan maganar take ƙarewa.

Idan ta ƙi duk da haka, to tambayar ta koma ko kwamfutar ta san WPA3 ma tukuna, kuma a nan yana da kyau a ɗan tsaya a ga bambancin tsare-tsaren biyu, domin ba suna kawai aka canza ba. A WPA2, wanda ya fito a 2004, rauta da na'ura kowacce tana ɗaukar kalmar sirri ta cuɗanya ta da sunan Wi-Fi ɗin ta hanyar wani lissafi da ake maimaitawa sau 4096, sai a sami dogon makulli mai bit 256. Daga nan su yi musayar saƙonni huɗu domin kowacce ta tabbatar wa ɗayar cewa makulli ɗaya suke riƙe da shi, ba tare da an aika kalmar sirrin kanta ta iska ba. Raunin wannan tsari shi ne, wanda ke kusa zai iya naɗar saƙonnin nan, ya tafi da su, ya sa kwamfutarsa ta yi ta gwada miliyoyin kalmomi a kansu har ta dace, rautarka ba ta ma san ana yi ba. WPA3, wanda ƙungiyar Wi-Fi Alliance ta fitar a 2018, ya toshe wannan kafa da sabuwar hanyar gabatar da kai da ake kira SAE, inda duk kalma ɗaya da mutum zai gwada sai ya yi magana da rautar kai tsaye. Na'urar da ba a koya mata SAE ba, ko kalmar sirri tana hannunta daidai, ba ta da yadda za ta fara wannan magana.

Windows 10 ya fara gane WPA3 ne daga sigar 1903 ta shekarar 2019, Android daga siga ta 10, iPhone kuma daga iOS 13. Danna maɓallin Windows tare da harafin R, ka rubuta winver, za ka ga sigar da kake kai. Amma siga kaɗai ba ta wadatar ba, sai katin Wi-Fi da ke cikin kwamfutar da direbansa, wato manhajar da ke sarrafa katin, su ma sun goyi baya. Buɗe tagar umarni ta Windows, wato Command Prompt, ka rubuta netsh wlan show drivers, ka duba jerin nau'o'in tsaron da zai fito. Idan ka ga WPA3-Personal a ciki, katin ya iya. Idan WPA2-Personal ne ƙarshen jerin, ka je shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar ko katin ka sauko da sabon direba, kana iya jona kwamfutar da rauta ta kebul ko ka ara mata intanet daga waya kafin ka gama. Tsofaffin katuna da yawa kamfanoninsu ba su taɓa fitar musu da direban WPA3 ba, kuma irin waɗannan babu dabarar da za ta sa su iya.

A wannan hali ka koma shafin rauta ka zaɓi gaurayen tsari, wanda ake rubutawa WPA2/WPA3, inda sabbin na'urori ke shiga da WPA3, tsofaffi kuma da WPA2, a ƙarƙashin suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya. A ra'ayina wannan shi ne saitin da ya fi dacewa da gidan da ke da na'urori masu shekaru daban-daban. Sai dai ka sani cewa muddin akwai mai shiga da WPA2, raunin da na ambata na naɗar saƙonni yana nan, don haka tsawon kalmar sirri har yanzu shi ne garkuwarka.

TAMBAYA: Malam, ni tawa ta fi ta kowa. Ina cikin canza saitin ta wayata, da na danna ajiyewa sai Wi-Fi ya yanke. Yanzu duk na'urar da na gwada, maimakon kalmar sirri kaɗai, sai ta tambaye ni sunan mai amfani da wasu abubuwan da ban gane ba. Shafin rautar ma ya ƙi buɗuwa balle in gyara. Daga wata mai karatu.

AMSA: Malama, ki kwantar da hankalinki, rautar ba ta lalace ba. Tambayar sunan mai amfani da na'urorin ke yi alama ce bayyananniya cewa a jerin zaɓuɓɓukan kin danna WPA2-Enterprise ko WPA3-Enterprise a maimakon mai ɗauke da kalmar Personal ko PSK. Tsarin Enterprise na ma'aikatu ne da jami'o'i, inda kowane mutum ke da sunansa da kalmar sirrinsa, kuma akwai wata kwamfuta ta musamman da ake kira sabar RADIUS wadda rauta ke tambaya kafin ta bar kowa ya shiga. A gida babu wannan sabar, don haka rautarki tana jiran amsa daga inda babu kowa, ta kuma rufe wa kowa ƙofa har da ke.

Shafin saitin ya ƙi buɗuwa ne saboda a cikin rautar yake, ba a intanet ba, kuma hanyar da kike bi ki isa gare shi ita ce Wi-Fi ɗin da ya yanke. Ki nemi kebul na intanet, ki sa kai ɗaya a kwamfuta, ɗayan a ɗaya daga ramukan bayan rauta da aka rubuta wa LAN, ba wanda aka rubuta wa WAN ba, wanda galibi launinsa daban ne. Tsaron Wi-Fi bai shafi kebul ba. Ki buɗe burauza ki rubuta adireshin rautar, wanda yake kan takardar da aka manna a ƙasanta, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Idan ƙaramar rauta ce ta aljihu mai amfani da layin waya, da yawansu ana iya jona su da kwamfuta ta kebul na USB, kuma a wasunsu adireshin 192.168.8.1 ne. Ki lura cewa kalmar sirrin da shafin zai tambaya ta mai kula da rauta ce, daban take da ta Wi-Fi, kuma mutane da yawa a nan suke ruɗewa.

Idan babu kebul ko an manta da kalmar mai kula, saura mayar da rautar yadda ta fito daga kamfani. A bayanta akwai ɗan ƙaramin rami, ki sa bakin fil ki danne na kimanin sakan 10 tana kunne har fitilunta su ɗauke su dawo, sunan Wi-Fi da kalmar sirri za su koma waɗanda ke kan takardar. Na ajiye wannan a ƙarshe ne domin yana goge komai, har da suna da kalmar sirrin da kamfanin intanet ya sa a ciki idan layinki na buƙatarsu, don haka ki tabbatar kina da su a rubuce ko ki kira kamfanin kafin ki danna. Nan gaba kuma, kafin ki taɓa saitin tsaro ki ɗauki hoton shafin yadda yake, ki yi canjin ta kebul in da hali, ki kuma canza abu ɗaya kawai ki gwada kafin ki taɓa na biyu.

TAMBAYA: Tun da na ɗaga tsaron rautata zuwa WPA3, wayoyi da kwamfutoci suna aiki, amma firinta da kyamarar tsaro da tsohon talabijin duk sun faɗi. Na'urar ƙara nisan Wi-Fi da ke ɗaya ɓangaren gidan kuma tana nuna sabis cike amma babu intanet. Wani abokina ya ce in mayar da komai WEP ko in cire kalmar sirri gaba ɗaya, wai a haka kowace na'ura ke kamawa. Shin in bi shawararsa? Daga wani mai karatu.

AMSA: Malam, kada ka bi. Gaskiya ne kusan kowace tsohuwar na'ura za ta kama, amma duk wanda ya tsaya kusa da katangarka shi ma zai kama. WEP tsohon tsarin tsaro ne da ya zo tare da ƙa'idar Wi-Fi ta farko, wato 802.11, a 1997, kuma a 2001 masu bincike uku, Scott Fluhrer da Itsik Mantin da Adi Shamir, suka bayyana rauni a yadda yake amfani da lissafin ɓoye bayanai mai suna RC4, raunin da ke ba mai saurare damar gano makullin idan ya tara isassun saƙonni. Daga baya dabarun fasa shi suka kai inda mintuna kaɗan sun isa, kuma tsawon kalmar sirri ko wuyarta ba sa hana komai, domin aibin a ginin tsarin yake. Tun 2004 aka yi watsi da shi a hukumance. Abin da ya fi damuna a shawarar abokin naka shi ne kyamara tana cikin na'urorin da ake magana a kai. Bai kamata a bar hanyar da na'urar da ke kallon cikin gida take kai a buɗe don kawai firinta ta yi aiki ba.

Ga abin da ke faruwa da na'urorin naka. Firintoci da kyamarori da talabijin da yawa an ƙera su da ƙananan katunan Wi-Fi masu aiki a zangon 2.4 GHz kaɗai, waɗanda ba su san komai ba bayan WPA2. Gaurayen tsarin WPA2/WPA3 shi ne abin gwadawa na farko. Idan ka zaɓe shi, ka nemi wani saiti a kusa da shi mai suna PMF ko 802.11w, wato kariyar saƙonnin gudanarwa, wadda ke hana wani na waje aiko da saƙon ƙarya ya yanke na'ura daga rauta. WPA3 ya wajabta wannan kariya, amma tsofaffin na'urori da yawa ba su san ta ba. Saitin yana da matsayi uku: a kashe, na ganin dama, da na dole. A gaurayen tsari na ganin dama ake so, domin idan aka bar shi a na dole, tsohuwar firinta za ta ci gaba da ƙin shiga ko da WPA2 yana kunne, mai gida kuma ya yi ta zargin kalmar sirri.

Akwai kuma na'urorin da ko gaurayen tsarin ma ruɗa su yake yi, da zarar sun ga alamar WPA3 a cikin sanarwar rauta sai su ja da baya. Waɗannan sai a ware musu wuri. Idan rautarka tana ba da damar raba zanguna biyu, ka ba zangon 2.4 GHz suna daban ka sa masa WPA2 da hanyar ɓoye bayanai ta AES zalla, ka bar zangon 5 GHz a WPA3 don wayoyi da kwamfutoci. Wata hanyar ita ce kunna Wi-Fi na baƙi da WPA2 da kalmar sirri ta dabam, ka zuba talabijin da kyamara a can. Amma kada ka kai firinta can, domin galibin rautoci suna katange Wi-Fi na baƙi daga sauran na'urorin gida, kwamfutarka za ta neme ta ta rasa. Duk na'urar da ke zaune wuri ɗaya kuma tana da ramin kebul, jona ta da kebul ya fi duk waɗannan dabaru sauƙi da ɗorewa.

Ko wanne ka zaɓa, kowace na'ura sai ka bi ta ka goge tsohuwar ajiyarta. A firinta, ka shiga ɗan allonta ka mayar da saitin sadarwa yadda ya zo, ka sake zaɓar Wi-Fi ɗin. Idan ta kama amma kwamfuta ta ce ba ta ganinta, mai yiwuwa rauta ta ba ta sabon adireshi, sai ka cire ta daga jerin firintocin kwamfutar ka sake ƙara ta. Na'urar ƙara nisa ita ma abokiyar hulɗar rauta ce kamar waya, tana riƙe da tsohon tsarin tsaro a cikinta. Sabis ɗin da take nuna maka tsakaninta da wayarka ne kawai, ta ɓangaren rauta kuwa a yanke take, don haka sai an sake haɗa su daga farko.

Idan da maɓallin WPS, wanda ke haɗa na'ura da rauta ba tare da rubuta kalmar sirri ba, ka saba haɗa waɗannan na'urori, za ka iya tarar ya daina aiki, domin WPS ba ya tafiya da WPA3 zalla. Ban ɗauki wannan a matsayin asara ba. A 2011 wani mai bincike, Stefan Viehböck, ya nuna cewa lambar WPS mai alƙaluma 8 ana tantance ta ne rabi-rabi, alƙalami na ƙarshe kuma na duba daidaito ne kawai, abin da ya rage gwajin da ake buƙata zuwa kimanin 11,000. Ka kashe shi, ka riƙa rubuta kalmar sirri da hannu.

TAMBAYA: Don kowace na'ura ta samu shiga, na zaɓi WPA da TKIP. Komai ya kama, amma intanet ya yi nauyi ƙwarai, kuma iPhone ɗina yana rubuta cewa tsaron Wi-Fi ɗin mai rauni ne. Ko kamfanin intanet ne ya rage mini gudu? Daga wani mai karatu.

AMSA: Da wuya laifin kamfanin ne, Malam, tun da nauyin ya zo daidai da canjin da ka yi. TKIP faci ne da aka yi a 2003 domin tsofaffin na'urorin WEP su sami ɗan tsaro ta hanyar sabunta manhajarsu kafin WPA2 ya kammala, kuma har yanzu a kan RC4 yake. Ƙa'idar 802.11n ta 2009, wadda ta kawo babban gudu a Wi-Fi, ta hana amfani da wannan gudu tare da WEP ko TKIP. Saboda haka da zarar na'ura ta shiga da TKIP, haɗinta da rauta ba ya wuce megabit 54 a sakan, abin da ke isowa hannu a zahiri kuma bai fi kusan rabin haka ba, komai sabuntar rautar da tsadar layin. Gargaɗin da iPhone ke nunawa tun daga iOS 14 kan wannan yake magana.

Koma shafin saitin ka zaɓi WPA2 da AES, wanda wasu rautoci ke rubutawa CCMP. Idan ka ga zaɓin da ya haɗa TKIP da AES tare, ka tsallake shi, domin a irin wannan gauraye saƙonnin da rauta ke aika wa dukkan na'urori lokaci ɗaya da TKIP ake rufe su, gargaɗin ma ba zai tafi ba. Tun 2006 aka wajabta WPA2 a kan duk sabuwar na'urar da ke son ɗaukar tambarin Wi-Fi, don haka da wuya a ce akwai abin da ke gidanka da ba zai iya AES ba. Masu sabbin rautoci na Wi-Fi 6E kuma su lura da kishiyar wannan matsala: zangon 6 GHz ba ya karɓar WPA2, wanda ya mayar da rautarsa WPA2 zalla zai iya ganin wannan zango ya ɓace.

TAMBAYA: Na canza sunan Wi-Fi da tsarin tsaro a lokaci ɗaya. Kwamfutar tebur ta shiga, amma wayoyin gidan duka sun ƙi, wasu suna tsayawa a kan neman adireshi. Na tabbata kalmar sirri daidai ce. Da ma na kunna tsarin nan da ke barin na'urorin da na yi wa rajista kaɗai su shiga. Daga wata mai karatu.

AMSA: Malama, jumlarki ta ƙarshe ita ce amsar. Wannan tsari yana aiki ne da adireshin MAC, lambar da kowane katin Wi-Fi ke gabatar da kansa da ita. A da lamba ɗaya ce tak ga kowace na'ura, amma daga Android 10 da iOS 14 wayoyi suna ƙirƙirar lamba ta dabam ga kowane Wi-Fi da suka shiga, domin kada a riƙa bin sawun mai waya daga wuri zuwa wuri. Da kika canza suna, wayoyin sun ɗauka sabon wuri suka zo, suka fito da sabbin lambobi waɗanda ba sa cikin rajistarki, kwamfutar tebur kuwa da lambarta ta asali take zuwa, shi ya sa ta wuce. Ki shiga shafin rauta ta wannan kwamfutar ki kashe wannan tsarin tace na'urori, wayoyin za su kama. Kina iya sake yi wa sabbin lambobin rajista idan kina so, amma shawarata ki bar ta a kashe. Adireshin MAC a fili yake tafiya ta iska ko da WPA3 ake amfani, wanda ya san aikin zai iya ganinsa ya kwaikwaya, don haka wahalar da tacewar ke ba masu gida ta fi kariyar da take bayarwa.

Tun da kin ambaci neman adireshi, bari in bambanta matakai uku da mutane kan haɗa su wuri ɗaya su ce Wi-Fi ba ya yi. Na farko tantancewa, inda kalmar sirri da tsarin tsaro ke aiki, kuma idan a nan aka faɗi na'ura kan ce kalmar sirri ba daidai ba ce ko an kasa tantancewa. Na biyu karɓar adireshin IP daga rauta, wato lambar da take ba kowace na'ura don a gane ta. Idan a Windows kika rubuta ipconfig kika ga adireshi mai farawa da 169.254, to rauta ba ta ba kwamfutar komai ba, ita ta laƙaba wa kanta, kuma cire rauta daga wuta na rabin minti a mayar yakan gyara wannan. Na uku fita zuwa intanet. Idan adireshin ya fara da 192.168, shafin rauta yana buɗuwa, amma sauran shafuka ba sa buɗuwa, to tsaron Wi-Fi ya gama aikinsa lafiya, sai a duba kebul ɗin da ke shigowa daga waje, ko fitilar intanet a jikin rautar, ko kuɗin layin ya ƙare.

TAMBAYA: Na sa sabuwar kalmar sirri da Hausa mai ɗauke da haruffa masu lanƙwasa don ta yi wuyar ganewa. Waya ɗaya ta karɓa, talabijin da wata wayar sun ce ba daidai ba ce. Daga wani mai karatu.

AMSA: Malam, tunanin yin amfani da jumlar Hausa mai kyau ne, haruffan ne suka jawo matsalar. Ƙa'idar WPA2 ta tanadi kalmar sirri mai haruffa 8 zuwa 63 daga cikin haruffa da lambobi da alamomin da ke kan allon rubutu na yau da kullum. Haruffa irin su ƙ da ɗ da ɓ ba sa cikin wannan rukuni, don haka babu tabbacin kowace na'ura za ta juya su zuwa lambobi iri ɗaya, wasu ma kamar talabijin ba su da inda za a danna su. Tun da daga waɗannan lambobi ake lissafa makullin, bambanci ɗaya ya isa a ƙi karɓa. Ka riƙe jumlarka, ka rubuta ta da k da d da b marasa lanƙwasa, ka tsawaita ta zuwa kalmomi huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna ko da sunan wani a gidan, ka sa lambobi a tsakani. Lokacin shigarwa ka danna alamar ido ka ga abin da kake rubutawa, domin babban harafi da ƙarami ba ɗaya ba ne, sifili da harafin O suna kama da juna, haka lamba 1 da ƙaramin l, kuma wanda ya kwafo kalmar daga saƙo yakan kwaso fili ɗaya a ƙarshenta bai sani ba. Bayan ka canza, ka sa wayar da ta karɓi tsohuwar ita ma ta manta da ita kafin ka shigar da sabuwar.